Sai Mun Isa Jugu

Kwana arba'in da uku bayan rasuwar matata saƙon surukata ya iso daga Jugu. Wani mai fataucin goro ne ya kawo shi da baki, ya same ni a Gar, tashar jirgin ƙasa ta Paraku, ina ɗaure kaya a bayan mota. Ya yi mini ta'aziyya, ya yi addu'a, sannan ya ce tsohuwa ta ce a kai mata jikokinta. Na ce na ji. Me zan ce? Ni direba ne, a mako ina kwana uku a hanya, uwata ta rasu, ba ni da 'yar'uwa a garin. Tun ranar jana'iza yaran a hannun maƙwabta suke, yau su ci a wannan ɗaki, gobe a wancan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba sai an gaya mini ba. Amma ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Su biyu ne. Yarinya mai shekara shida, ita ce ta fari, sai ƙanenta da bai cika uku ba.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake kafin a gane sauran. Kakana ya sauko daga arewa da jakuna da kanwa, ya zauna a zangon Paraku, kuma duk al'adun da ya taso da su bai yar da ko ɗaya a hanya ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya wasa da shi, in an yabi yaron a gabansa sai ya kawar da kai kamar ba da shi ake ba. Kunya ke nan. Ni ma ɗan fari ne, har mahaifina ya koma ga Allah "kai" nake a bakinsa, kuma ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Don haka 'yata ta tashi tana "ke", in ana maganarta kuma "yarinyar nan". Ƙaramin kuwa ina cilla shi sama in cafe, in sa shi a wuya in zaga Gar da shi yana kallon jirgin ƙasa.

Dangin matata ma haka suke, ita kaɗai ta fita zakka. Ta ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ga taurin kai. Daga safe har yamma sunan yarinyar nan yana bakinta, har waƙa take yi da shi in tana daka. Matan gidan haya suna ta tsegumi. Na taɓa yi mata faɗa, ta ce, "Malam, ni na yi naƙudarta, kunyar wa zan ji?" Da ta rasu, maƙwabta suka koma cewa "marainiyar Allah", ƙanen yana cewa "Yaya", ni ina nan kan "ke". Sunan ya ɓace daga gidan, ni kuma ban ma lura ba.

A shekarun nan ana ce wa ƙasar Dahome, Nasara ba su daɗe da miƙa mulki ba, amma ba su daina zuwa kallon namun daji ba. Ɗan kasuwar da nake yi wa tuƙi ya samu aikin kai kaya wani masaukin baƙi a cikin gandun dajin Panjari, can bayan duwatsun Atakora: siminti, garewanin kananzir, da akwatunan lemo da jirgi ya kawo daga Kotonu. Hanyar ta Jugu take bi. Sai aka ce shi ke nan, in sauke yara a tafiya, in wuce da kaya.

Muka tashi da sassafe cikin zafin bazara, a ƙaramar motar nan mai rufin tamfol da muke ce wa bashe. Ƙaramin yana tsakiya, ita tana jikin ƙofa rungume da ƙullin kayansu. Duk abin da suka mallaka a duniya bai cika zane ɗaya ba. Kafin azahar muka shiga Jugu. Na san kwanar gidan sarai, akwai wata bishiyar mangwaro a bakinta. Na ga bishiyar, na ga kwanar, ƙafata ta ƙi zuwa kan birki. Na wuce.

Yarinyar ta juyo ta dube ni. "Baba, ba nan ne gidan Iya ba?"

"Nan ne. Sai a dawowa."

Na tsaya a tasha na ba wani mai shayi saƙo, ya gaya wa mutanen gidan su sa ido jibi. Ban yi shawara da kowa ba, ban kuma san me zan yi da kwana biyun da na sata ba. Na dai san ban shirya komawa ɗakin nan na Paraku ni kaɗai ba.

Duk wanda ya ce tafiya da ƙananan yara daɗi ce, bai yi ta a bashe kan jar hanya mai gargada ba. Ba mu yi nisa ba ƙaramin ya ce fitsari. Na tsaya, ya ce ya fasa. Na tayar, ya sake shi a kan kujera. Na sayi doya da yaji a bakin hanya, ya sa a baki ya fashe da kuka har da shiɗewa. Ni ga ni ƙato, na san kowane ƙusa a cikin injin motar nan, amma ban san abin da ɗana yake ci ba.

"Ba ya cin yaji, Baba," in ji ta. "A saya masa wagashi."

Na sayi cukun Fulanin a hannun wasu mata, ta gutsura masa ƙanana, ta ba shi ruwa, ta canja masa wando, ta ɗaure jiƙaƙƙen a jikin ƙarfen ƙofa ya bushe. Ta yi duk wannan ba ta dube ni ba. Ta san lokacin barcinsa, ta san in ya fara jan kunne ƙishi yake ji. Shekara shida. Na ji kunya, kuma ba irin kunyar gidanmu ba.

Bayan mun wuce Natitingu duwatsun suka taso sosai. Yaran ba su taɓa ganin dutsen da ya wuce na niƙa ba. Ƙaramin ya tambaya wa ya tara su. Hanya ta dinga hawa tana lanƙwasa, mota tana nishi, ga gidajen mutanen wurin na jar ƙasa masu bene, kowanne shi kaɗai a tsakiyar gonarsa. Ita kuwa ta dafa tagar da hannu biyu. Da uwarsu tana nan da ta cika motar da surutu, da ta ce in rage gudu, da ta ga abin dariya a jikin kowane ƙauye. Mu ukun nan ba mu san yadda ake hira ba in babu ita.

Muka kwana a Tangiyeta a zauren wani mahauci Bahaushe, da gari ya waye muka nufi gandun. A bakin shiga akwai sanda a gicciye da wani gardi mai tsaron ƙofa, tsohon soja, da Hausarsa ta bariki. Ya leƙo ya ga yara, ya ɗaga yatsa.

"Ba sauka. Ba hon. Ba ba biri abinci. Kompri?"

Na ce kompri, wato na gane.

Ciki shiru ne irin wanda ban saba da shi ba, ni da na tashi a cikin ƙarar jirgi da ihun 'yan dako. Ciyawa ta bushe, dutsen yana biye da mu ta gefe ɗaya kamar katanga. Zabin daji suna tsallake hanya ba sa ko sauri. Muka ga gwanki, muka ga ɓauna tsaye a inuwa suna hararar mu, muka ga mugun dawa yana gudu da wutsiya a miƙe, ƙaramin ya yi ta dariya har ya shaƙe. A wani tafki da ya kusa ƙafewa muka tarar da giwaye biyar da ɗan ƙaraminsu. Na kashe mota. Sai na ji an damƙe hannun rigata. Ita ce, idonta na kan giwayen, ba ta san ta yi ba. Da ta farga sai ta saki da sauri ta mayar da hannun cikin cinyarta.

"Inna ta ce giwa ta fi ɗakinmu girma," in ji ta a hankali. "Ashe da gaske take."

Na ce, "Da gaske take."

A masaukin, ana sauke siminti, na zaunar da su a inuwar wata tsamiya. Akwai wani Banasare da matarsa da 'yarsu, sa'ar tawa. Mutumin ya ɗora yarinyar a wuya, ƙato da shi da gemu, yana ta kiran sunanta. Ta ga tsuntsu, ya kira sunanta. Ta yar da hula, ya kira sunanta. Na ce a raina, wannan in sunan kuɗi ne da ya ƙare kafin azahar. Na juya in yi wa 'yata alamar mu yi musu dariya, sai na ga ba dariya take ba. Kallonsu take, baki a ɗan buɗe.

Matar ta zo da alewa ta tsuguna a gabansu, ta tambaye ni sunayensu da Faransanci. Na faɗi na ƙaramin. Ta nuna babbar. Na ce, "Madam, tambaye ta, tana da baki." Ta yi mini wani irin kallo, sannan ta tambaye ta. Yarinyar ta faɗi sunanta da kanta, can ƙasa-ƙasa. Matar ta maimaita, ta karya shi gida biyu, ko kusa bai yi daidai ba. Amma sai ga fuskar 'yata ta washe, irin yadda ban gani ba tun kafin uwarta ta kwanta ciwo. Da za mu tafi matar ta ɗaga hannu ta sake kiran karyayyen sunan, yarinyar ta leƙa ta taga tana ɗaga nata har muka sha kwana. Haushi ya kama ni, na rasa na wa. Na huce a kan giyar mota, na yi ta sa ta da ƙarfi kamar ita ta yi mini laifi.

Gardin nan ne ya ce kada mu koma ba mu ga inda ruwa yake faɗowa daga dutse a Tanugu ba. Na ajiye mota a ƙarshen hanya muka taka da ƙafa. Ta cire takalmanta ta bar su a mota, wai kada su lalace kafin gidan Iya. Na saɓa ƙaramin a kafaɗa, tana biye. Hanyar duk duwatsu ce masu santsi, ana hawa ana riƙe saiwoyi. Tun daga nesa ake jin rurin ruwan, da muka isa sanyinsa ya bugi fuskarmu. Yana zubowa fari fat daga sama cikin wani kwarmi mai zurfi, itatuwa sun rufe wurin, babu kowa sai wasu bika a kan dutse suna cin 'ya'yan itace. A tsakiyar bazara, ruwa haka! Na yi alwala, na yi salla a kan wani falalen dutse, na wanke wa ƙaramin jiki yana ta tsalle. Na so a ce uwarsu ta gani. Duk shekarun da na yi ina bin hanyar nan ban taɓa kawo ta ba, kullum sai in ce wata rana.

A saukowa ne ta zame. Ba ta yi kuka ba, sai da na waiga na ga ta zauna riƙe da ƙafa, jini yana bin yatsunta. Dutse ya tsaga mata tafin ƙafa. Na wanke, na ɗaure da adikona. Ta miƙe ta ce za ta iya, ta taka sau biyu ta durƙushe. Babu yadda za a yi. Na tsuguna na ce ta hau.

Ta tsaya tana duban bayana kamar an nuna mata dokin wani.

"Hau mana, rana tana yi."

Ta hau. Na rungumi ƙaramin a gaba da hannu ɗaya, ɗayan na tallafe ta. Ran nan na fara ɗaukar 'yata tun da aka haife ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ina jin haƙarƙarinta a bayana. Da farko ta ƙame, ta riƙe wuyan rigata da yatsu biyu. Can sai ta sake jiki ta kwantar da kai a kafaɗata, numfashinta yana taɓa kunnena.

"Baba."

"Na'am."

"Ka san sunana?"

Na yi dariya. "Ji wata tambaya. Wa ya yanka ragon?"

"To faɗa."

Na tsaya cak. Na duba hagu, na duba dama, wallahi sai da na duba. Babu mutum a wurin, babu maƙwabci, babu suruki, daga mu sai bika, ruwa kuma yana rurin da ko na yi ihu ba mai ji. Na buɗe baki. Sai na ji kamar mahaifina yana zaune a kan dutsen can da carbinsa yana kallona. Sunan ya zo har maƙogwaro ya tsaya.

Na ce, "Bari mu sauka tukuna. Sai mun isa Jugu."

"In mun isa za ka faɗa?"

"Zan faɗa."

"To," in ji ta, ta mayar da kanta kafaɗata.

Na ɗauka dabara na yi. Na ce yaro ne, kafin gobe ta manta. Ba ta sake tayar da maganar ba kuwa, amma washegari tun da muka bar Tangiyeta, duk garin da muka hango sai ta miƙe zaune ta ce, "Baba, nan ne Jugu?" Yarinyar da za a kai a bari, ita ce take ɗokin a isa. Nan na gane alkawari kaya ne, kuma na ɗauka. Na yi ta juya sunan a bakina ba sauti, ina tuƙi. Na shirya yadda zan yi: in mun tsaya a gindin mangwaron nan, kafin kowa ya fito, zan juya in faɗa sau ɗaya, shi ke nan.

Ban yi lissafin cewa saƙon da na bari zai tara mini jama'a ba. Muna shan kwanar na ga tabarmi a ƙofar gida, maza sun kai goma, sun idar da la'asar suna zaune: yayan matata, baffanninta biyu, limamin unguwa, har da wasu dangi da suka taso daga Bariyenu. Kafin in kashe mota an buɗe ƙofa an ɗauke ƙaramin. Na cire takalmi na durƙusa, aka shiga gaisuwa, aka sake ta'aziyya, liman ya ja doguwar addu'a. Yayan matata ya ce, "Shekaranjiya muka ga wucewarka, muka ce ko lafiya." Na ce kayan mutane ne suka matsa. Daga bayan zanan zaure na ji muryar surukata, don ba ma haɗa ido da ita.

"Sannu da hanya, uban yara. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya."

"Amin, Iya. Allah ya ƙara muku lafiya."

Na ji ta karɓi ƙaramin tana cewa ga angonta ya zo. Ita ma 'yarta ta binne, ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba.

Duk wannan abin yarinyar tana tsaye a bakin zaure. Ta sa takalmi a ƙafa ɗaya, ɗayan yana hannunta saboda ɗaurin, ƙullin kayan yana kanta. An ce ta shiga har sau biyu, ba ta motsa ba. Da addu'a ta ƙare aka shafa, wuri ya yi shiru, sai ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Baba, mun iso Jugu."

Dattawan suka yi dariya. Ɗaya ya ce, "Ka ga 'yar direba, ta san garuruwa." Idanu suka dawo kaina. Surukai goma, da liman, da tsohuwa a bayan zana. Na dubi tabarma.

Na ce, "Na gani. Ke, shiga ciki, kakarki tana jira. Ki riƙa jin magana."

Baffan matata, wanda ya fi su tsufa, ya gyaɗa kai. "Ɗan gidan mutunci ke nan," in ji shi. "Yaran yanzu sai ka ga mutum yana lallashin ɗan fari a gaban surukai, ko a jikinsa."

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗan tsaya tana kallona, sannan ta sauke ƙullin, ta durƙusa har ƙasa da ciwon ƙafarta, yadda ake yi wa baƙo babba.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Ta ɗauki kayanta ta shiga tana ɗingishi.

An ce in kwana, na ce mota ta mutane ce. Na fita daga gari, na yi tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba, na tsaya a gefen wata gonar doya da ba kowa. A nan na faɗi sunan. Ya fito ba wata wahala, har sau uku. Na zauna riƙe da sitiyari ina kuka kamar yaro, sannan na tayar da mota na koma Paraku, na buɗe ɗaki na tarar da shi yadda muka bar shi.

Ban yar da su ba. Duk wucewa ta Jugu ina tsayawa, da sabulu, da atamfa, da takalman salla. Ƙaramin yakan rugo ya haye ni yana lalube aljihuna. Ita takan fito ta durƙusa daga nesa, ta ce, "Sannunku da zuwa, Baba," ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi, ta koma ciki. Na sha cewa yau zan kira ta, amma ba ta sake tsayawa kusa da ni har ta ba ni zarafi ba, ni kuma ban iya tsayar da ita ba. Tun daga ranar nan ba ta ƙara roƙona komai ba. Ko littafin lakwal, ko ɗan kunne, ko da aurenta ya zo, sai dai in ji a bakin kakarta. In na tambaye ta me take so, sai ta ce, "Babu komai, Baba, Allah ya saka."

Har yau in an yi maganarta a Jugu sai an ce ba a taɓa ganin 'ya mai ladabi da kawaici irinta ba, ba ta taɓa ɗora wa ubanta nauyi ba. Nakan ce alhamdu lillahi. Ni na san ranar da ta koya, ina durƙushe a kan tabarma lokacin.